BONSAI MARAR SUNA: YADDA AKE GANE ITACEN CIKIN KASKO DA YADDA AKE RENONSA

Gabatarwa

A ɗauka cewa wani ɗalibi da ke zaune a unguwar Sabon Gari ta birnin Gusau ya sami tsaraba daga wani ɗan'uwansa da ya dawo daga tafiya. Tsarabar kuwa wani ɗan itace ne a cikin kasko, tsayinsa bai kai kamu guda ba, amma gindinsa ya yi kauri, ɓawonsa ya tsattsage, rassansa sun baje kamar na tsohuwar bishiyar da dattawa ke hutawa a ƙarƙashinta. Babu wata takarda da ke ɗauke da sunansa. Iyakar abin da mai tsarabar ya sani shi ne, mai sayarwa ya ce ana kiransa "bonsai". Ɗalibin ya ɗora shi a kan teburin ɗakinsa, yana ba shi ruwa safe da yamma. Bayan mako uku ganyen ya soma yin rawaya yana zuba, kafin wata biyu itacen da wani ya shafe shekaru yana reno ya bushe ƙurmus.

Ɗalibin bai yi sakaci ba. Abin da ya kashe itacen shi ne an kula da shi ba tare da an san ko wane irin itace ne ba. Manufar wannan darasi ita ce a nuna yadda ɗalibi zai yi amfani da idonsa da ilimin tsirran da yake koya a aji ya gano asalin irin wannan itace, sa'annan ya rene shi daidai da yanayin Gusau da kewayenta.

Mene ne Bonsai?

Kalmar bonsai ta harshen Japananci ce, kuma ma'anarta ita ce shuka a cikin faranti ko kasko. Ba sunan wani jinsin itace ba ne, suna ne na wata sana'a ta renon itace na yau da kullum a cikin ƙaramin mazubi, ta yadda zai tsaya ƙarami amma ya ɗauki siffar babbar bishiya. Ke nan tsamiya tana iya zama bonsai, haka ma kuka da cediya da magarya.

Sana'ar ta samo asali ne daga ƙasar Sin. A bangon kabarin wani yarima mai suna Zhang Huai, wanda aka binne a wurin a shekarar 706 Miladiyya, akwai zanen bayi ɗauke da farantai masu ƙananan tsirrai da duwatsu. Daga Sin ta ƙetara zuwa Japan, inda aka gyara ta aka ba ta sunan da duniya ta san ta da shi. Turawa kuwa sun ga irin waɗannan itatuwa a bajekolin duniya da aka yi a birnin Faris na ƙasar Faransa a 1878.

Itacen da ya sami kulawar da ta dace yakan rayu fiye da mai shi. Akwai wani bonsai da aka soma reno a Japan tun 1625. Yana gidan iyalin Yamaki a birnin Hiroshima lokacin da aka jefa bam ɗin nukiliya a 1945, kimanin kilomita 3 daga inda bam ɗin ya fashe, amma ya tsira. A 1976 Masaru Yamaki ya ba da shi kyauta ga ƙasar Amurka, aka kai shi gidan adana bonsai da ke birnin Washintan.

Me ke Hana Itacen Girma?

Duk wanda ya lura da duwatsun Kwatarkwashi a ƙaramar hukumar Bungudu, ko kuwa duwatsun Tsafe, zai ga itatuwan da suka tsiro a tsagar dutse sun tsumbure, gindinsu ya murɗe, alhali 'yan'uwansu da ke fadama sun zama manyan bishiyoyi. Ƙarancin ƙasa da ruwa ne ya takura su. Mai bonsai yana kwaikwayon wannan yanayi ne da gangan, ta hanyoyi biyu.

Hanya ta farko ita ce takura saiwa. Akwai daidaito tsakanin yawan saiwar itace da yawan ganyensa, domin saiwa ce ke jawo ruwan da ganye ke fitarwa. Idan kasko ya hana saiwa bazuwa, kuma ana rage ta lokaci lokaci, to dole saman itacen ya tsaya daidai da abin da saiwar za ta iya ɗauka.

Hanya ta biyu ita ce datse kan reshe. Tohon da ke can ƙarshen kowane reshe yana samar da wani sinadari mai suna auksin, wanda yake gangarowa ya danne idanun toho da ke gefen reshen. Da zarar an datse kan, sai dannewar ta ragu, idanun gefe su farka su fitar da ƙananan rassa masu yawa da ƙananan ganye. Manomi ya san haka a aikace, domin idan ya sare kan zogale sai ya ga ya yi rassa ya cika da ganye.

Abin lura a nan shi ne, duk wannan bai taɓa halittar gado ta itacen ba. Fure da 'ya'yan bonsai kusan girmansu ɗaya da na babbar bishiya, kuma idan aka shuka irinsa a gona zai girma ya zama cikakken itace. Saboda haka kukar da ke cikin kasko tana nan da halin kukar daji, tana son abin da kuka ke so, tana ƙin abin da kuka ke ƙi. Wannan shi ne dalilin da ya sa sanin sunan itacen ya zama matakin farko na kula da shi.

Matakan Gane Itacen

Masanin tsirrai yana gane itace ne ta bin tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, kowace amsa tana rage yawan itatuwan da ake zato. Ɗalibi zai iya bin waɗannan matakai, yana rubuta abin da ya gani a littafinsa.

1. Ruwan jiki. A tsinke ganye guda a dubi bakin tsinkewar. Idan farin ruwa mai kama da nono ya fito, kuma a ƙarshen reshen akwai toho mai tsini kamar mashi, sa'annan akwai wani siririn zobe da ya kewaye reshen a gindin kowane ganye, to itacen ɗan gidan ɓaure ne, wato jinsin da masana ke kira Ficus. Cediya da durumi da gamji duk 'yan wannan gida ne. Yawancin bonsai da ake shigowa da su daga ƙasashen Asiya, masu gindi kamar dankali da ganye mai sheƙi, danginsu ne. A wanke hannu bayan wannan gwaji, kada kuma ruwan ya taɓa ido ko baki.

2. Siffar ganye. A tantance ko ganyen tilo ne ko kuwa mai 'ya'ya ne. Ma'aunin da ba ya kuskure shi ne idon toho: ana samunsa a hammatar cikakken ganye, inda ya haɗu da reshe, amma ba a samunsa a gindin ɗan ganye. Idan 'yan ganyen sun jeru bibbiyu a kan tsinke ɗaya kamar gashin tsuntsu, babu ƙaya, kuma suna rufewa da dare, to tsamiya ce mafi kusa. Idan tsinken ya sake rarrabuwa zuwa wasu ƙananan tsinkaye masu ɗauke da mitsi-mitsin ganye, to a duba ɓangaren bagaruwa da gawo. Idan 'yan ganye biyar zuwa bakwai ne suka fito daga wuri ɗaya kamar yatsun hannu, to kuka ce. Biyu rak a kan tsinke alamar aduwa ce, uku kuwa tare da ƙamshin ƙaro alamar dashi ce.

3. Ƙaya. Bagaruwa tana da fararen ƙayoyi miƙaƙƙu bibbiyu. Aduwa tana da doguwar ƙaya tsanwa. Magarya da kurna suna da ƙayoyi biyu a gindin ganye, ɗaya miƙaƙƙiya ɗaya lanƙwasasshiya, kuma ganyensu yana da manyan jijiyoyi uku da suka taso daga gindinsa. Ana rarrabe su ne ta juya ganyen: bayan na magarya fari ne mai laushin gashi, na kurna kuwa kore ne.

4. Gangar jiki. A dubi ɓawo, ko santsi ne da shi, ko ya tsattsage, ko yana saɓulewa kamar takarda irin na dashi. A danna gindin da yatsa. Gindi mai kumburi da ɓawo mai santsi alama ce ta itacen da ke ajiye ruwa a jikinsa.

5. Fure da 'ya'ya. Su ne shaida mafi ƙarfi, domin renon kasko bai cika sauya su ba. Sai dai sau da yawa sai an yi haƙurin jira kafin su fito.

Itatuwa Uku Masu Ruɗarwa

Akwai itatuwa uku na ƙasar Hausa da suka cancanci ƙarin bayani, domin kuskure a kansu yana da tsada.

Na farko ita ce kuka. Sunanta na kimiyya Adansonia digitata, bisa tsarin suna biyu da Carl Linnaeus na ƙasar Suwidin ya kafa a 1753. Kashin farko na sunan tunawa ne da Michel Adanson, Bafaranshen da ya yi nazarin itacen a Senegal, kashi na biyu kuwa yana nufin mai yatsu. Amma ƙaramar kuka ba ta da ganye mai yatsu. Takan fara ne da ganye tilo, sai daga baya ta fitar da mai 'ya'ya biyu ko uku, kafin ta kai ga biyar. Har ila yau, kuka tana zubar da ganyenta baki ɗaya da rani. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka ƙishirwa ce ta kama ta, ya dinga kwarara mata ruwa, alhali itacen da ba shi da ganye ba ya shan ruwa sosai. Ruwan sai ya kwanta, gindin ya ruɓe.

Na biyu shi ne gawo, wanda kowane manomi ya san al'adarsa ta saɓa wa ta sauran itatuwa: yakan kaɗe ganye da damina, ya yi kore shar da rani. Don haka gawon da ya tsaya tsirara a watan Agusta bai mutu ba. Hanya mai sauƙi ta tabbatarwa, a kan gawo ko wani itace, ita ce a ɗan kankare ɓawon ƙaramin reshe da farce. Idan ƙarƙashinsa kore ne mai danshi, itacen yana da rai.

Na uku ita ce kariya, wadda masana ke kira Adenium obesum. Masu sayar da furanni suna son ta ƙwarai, domin gindinta yana kumbura tun tana ƙarama, ta yi kama da tsohuwar kuka. Ana gane ta da rassa masu taushi, da ganye tilo da ke cunkushe a ƙarshen reshe, da fure ja ko ruwan hoda mai kama da bakin kakaki. Ruwan jikinta yana ɗauke da guba mai taɓa bugun zuciya, wadda mafarauta a sassan Afirka suka daɗe suna shafawa a kan kibau. Ganyen kuka abin miya ne, na kariya kuwa dafi ne. Wannan kaɗai ya isa hujjar cewa kada a kuskura a ɗanɗana ganyen itacen da ba a tabbatar da sunansa ba, kuma a nisanta kariya daga yara da dabbobi.

Idan An Kasa Ganewa

Idan matakan nan ba su kai ga amsa ba, sai a nemi taimako. Dattawan manoma da makiyaya da masu maganin gargajiya sun san itatuwan yankinsu da sunayensu na Hausa, kuma sunan Hausa mabuɗi ne mai kyau. Tun 1916 wani likita ɗan Birtaniya da ya yi aiki a Arewacin Nijeriya, J. M. Dalziel, ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai na Hausa tare da takwarorinsu na kimiyya. Malami kuma zai iya tuntuɓar sashen nazarin halittu na Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, ko na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, ko ɗakin adana busassun tsirrai na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Samfurin da za a aika shi ne ɗan reshe mai ganye, a shimfiɗa shi tsakanin tsofaffin jaridu, a danne da littattafai masu nauyi, ana sauya jaridar kullum har ya bushe. Manhajojin wayar hannu masu gane tsiro ta hoto suna taimakawa, sai dai ƙanƙancewar ganyen bonsai takan ruɗe su, don haka a gwada amsarsu da abin da ido ya gani.

Akwai kuma abin da ya kamata a sani game da itatuwa masu ganye kamar allura ko ɓamɓaroki. Da yawa daga cikinsu 'yan ƙasashen sanyi ne, waɗanda ke buƙatar hutun watannin ƙanƙara kowace shekara. Irin waɗannan da wuya su jure zafin Gusau, komai ƙoƙarin mai su.

Hanyoyin Kulawa

Kafin a tabbatar da suna, dokar ita ce a rage shisshigi. Kada a datse, kada a sauya kasko, kada a sa taki. A ajiye itacen a waje inda zai sami ranar safe da inuwar yamma, a lura da shi na tsawon makonni. Bayan an san shi, sai a kula da waɗannan abubuwa.

Ruwa. Saiwa tana numfashi, tana buƙatar iskar oksijin da ke cikin kafofin ƙasa. Idan ruwa ya cika kafofin ya daɗe, saiwar takan shaƙe ta ruɓe, ta kasa jan ruwa, ganyen ya yi yaushi kamar na itacen da ke jin ƙishirwa. Saboda haka ba a ba da ruwa bisa agogo. A soka yatsa ko tsinke a cikin ƙasar. Idan saman ya bushe zuwa zurfin gaɓa ɗaya, a zuba ruwa har ya fita ta hudar ƙasa. Da bazara, a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi kan kai digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, cediya ko tsamiya za ta iya buƙatar ruwa sau biyu a rana. Da damina kuwa a ɗora kaskon a kan bulo domin ruwa ya tsiyaye. Kuka da kariya sai ƙasarsu ta bushe sarai kafin a sake ba su, kuma idan sun zubar da ganye a ɗauke musu ruwan kusan gaba ɗaya.

Haske da iska. Ganye yana sarrafa abinci ne da hasken rana, kuma hasken cikin ɗaki bai kai kusa da na waje ba. Dangin ɓaure sun fi jure ƙarancin haske, amma kuka da bagaruwa da magarya da kariya 'yan rana ne. Abin da ake gudu da bazara shi ne ranar azahar ta gasa kaskon ta ƙona saiwa, musamman idan na baƙar roba ne. Inuwar zana ta wadatar. Da hunturu kuma ƙura takan lulluɓe ganye ta tare haske da ƙofofin numfashinsa, don haka a riƙa wanke shi da yayyafin ruwa. A ɗora kaskon inda awaki ba za su kai ba.

Ƙasa. Laka da yumɓu suna riƙe ruwa su toshe iska, don haka ba su dace da kasko ba. A haɗa yashin kogi mai tsakuwa, da dakakken tsingaro ko marmara, da ruɓaɓɓen taki, kashi ɗaya ɗaya, bayan an tankaɗe garin da rariya an zubar. Ga kuka da kariya a ninka kason yashi da tsingaro. Wajibi ne kaskon ya kasance da huda, a rufe ta da guntun raga.

Taki. Ana ba da shi kaɗan kaɗan, a lokacin da itacen ke toho. Ɗan ruɓaɓɓen kashin awaki a saman ƙasa ya isa. Idan takin zamani ya yi yawa a ƙaramin kasko, gishirin da ke cikin ƙasa yakan fi na cikin saiwa ƙarfi, sai ya janye ruwa daga saiwar, itacen ya ƙone. Ba a ba itace marar lafiya taki, ko wanda aka sauya wa kasko kwanan nan.

Datsa da tanƙwasa. Idan sabon reshe ya yi ganye shida zuwa takwas, a datse shi da almakashi mai kaifi a bar biyu ko uku. Ana lanƙwasa reshe da wayar jan ƙarfe ko ta alminiyam, kuma kamar yadda Hausawa ke cewa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A riƙa duba wayar, domin da damina reshe yana yin kauri da sauri, wayar ta nutse ta yanke hanyar abinci da ke ƙarƙashin ɓawo.

Sauya kasko. Bayan shekara biyu ko uku saiwa takan cika kaskon. Ga yawancin itatuwa, farkon damina, lokacin da toho ke motsi, shi ne lokacin da ya dace. A rage saiwar da abin da bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba, a sa sabuwar ƙasa, a bar itacen a inuwa na mako biyu.

Aikin Gwaji Don Aji

Malami zai iya raba ɗalibai rukuni rukuni, kowane rukuni ya samo 'ya'yan tsamiya da na kuka. Ƙwayar kuka tana da tauri, sai an ɗan goge bayanta a kan dutse ko an jiƙa ta a ruwan zafi ta kwana. A shuka rabi a lambun makaranta, rabi a kasake, a rana ɗaya. Kowane wata a auna tsayi da kaurin gindi, a zana siffar ganye, a rubuta ranar da ganyen kuka ya soma rarrabuwa. A ƙarshen shekarar karatu a kwatanta sakamakon, ɗalibai su yi bayanin bambancin da suka gani. Reshen cediya ko na dashi kuwa yana kamawa idan aka dasa shi da damina. Da waɗannan hanyoyi babu buƙatar tumɓuke itace daga daji, musamman da yake Zamfara tana cikin jihohi 11 na Arewa da ke fuskantar kwararowar hamada.

Kammalawa

Da ɗalibin Sabon Gari ya tsinke ganye guda ya dubi ruwansa, ya duba ƙaya da ɓawo da gindin itacen, ya kuma tambayi malaminsa, da ya san ko ɗan gidan ɓaure ne ke hannunsa ko kariya, da kuma ya fitar da shi daga ɗaki ya daidaita masa ruwa. Kuma ɗalibin da ya iya rarrabe magarya da kurna a cikin kasko zai iya rarrabe su a gona da daji, wanda shi ne tushen aikin masanin tsirrai da na malamin gandun daji.